Bindigar Harbin Tantabara

Ni ba ɓarawo aka haife ni ba. Ɗan dako ne. Na je Umra, na ƙi dawowa, na samu aiki a wani sito na shinkafa a unguwar Nuzla ta Jidda. Tantabaru sun addabi siton, sai maigidan ya ba ni bindigar iska. Ba ta cin albarushi. A karya ta, a sa ɗan ƙwayar darma, a harba.

Wata rana bayan azahar na fito da ita a hannu, na ci karo da wani mai tallan agogo. Yana ganina ya zubar da kayansa ya ruga. Ban ce masa komai ba. Na tsaya ina mamaki, sannan na kwashe agogunan.

Daga nan na gane hanya. Wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba ya kai ƙara. Sai na riƙa tare irinmu a lungu, bindiga ba ko ƙwaya a ciki. Ina ce wa kaina sanda ce kawai.

A unguwar Hindawiyya na tare wata tsohuwa mai sayar da goro. Na ɗauka ita ma 'yar Umra ce. Ashe a Jidda aka haife ta, takardunta cikakku. Ta kwarma ihu da Larabci, mutane suka danne ni.

A kurkuku aka fahimtar da ni inda nake. In an ce makami ce, fashi na yi, ana iya sare min hannun dama da ƙafar hagu. In an ce ba makami ba ce, ɗauri ne da bulala. Aka tafi da bindigar don a gwada ta, na zauna jira.

Na tambayi kowa a ɗakin. Wani Bayamane ya yi dariya, ya ce, "A garinmu yara ke harbin ƙadangare da ita." Wani Bamisire da ya taɓa aikin kotu ya ce wata ƙasar faɗin bakin take aunawa, wata ƙarfin harbin, wata kuma in babu albarushi shi ke nan, ba bindiga ba ce. Na ce, "Ƙarfe ɗaya, hukunci goma?" Wani dattijo Bahaushe haifaffen can ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwa, bar auna ƙarfe. Matar za a tambaya."

Haka aka yi. Takardar gwaji ta ce tana raunatawa amma ba ta wuta ba ce. Alƙali ya dubi tsohuwar ya ce, "Me kika gani a hannunsa?"

Ta dube ni. Ta ce, "Ya shaikh, ni dai tsoro na ji. Amma kada a yanke ɗan mutane saboda gorona. Na yafe."

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Ya ba ni shekara biyar da bulala. Da na gama aka sa ni a jirgi zuwa Kano. Na tuba, na koma dako.

Ku samari, har yau ban san ko makami ce ko ba makami ba ce, kuma na tambayi mutane da yawa. Abin da na sani, kada ku nuna wa mutum abin da zai ɗauka ajalinsa ne. Ni matar da na tsorata ce ta roƙa min hannuna. Ban ma san sunanta ba.