Doguwar Motar Baba

Ranar wata Asabar a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya ce in sa hijabina in raka shi Zuba sayen mota. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙa manya a wata ma'aikata, da ya ajiye aiki sai ya ce shi ma zai mallaki irin motar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buɗe wa wasu ƙofarta. A filin dillalan motocin Kwatano muka tarar da guda biyu da suka kwanta masa a rai, duka ƙirar Jamus. Ɗaya baƙa ce wuluk, sabuwar yayi, cikinta duk maɓallai. Ɗayar doguwa ce mai ruwan toka, fatar kujerunta ta soma tsagewa. Dillalin sai jan Baba yake wajen baƙar yana cewa, "Oga, wannan ce daidai kai." Baba ya wuce wajen ɗayar. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mai ruwan tokar da fararen kayansa, ya daɗe har na fara jin kunya. Ya fito ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza man a yatsa ya sunsuna, ya sa aka tayar da ita ya kara farin hankici a bakin salansa. Da aka ɗaga masa bonet ɗin baƙar ya ga an lulluɓe injin da roba ko'ina, sai ya mayar ya rufe. A hanyarmu ta komawa Kuje, ina nutse a kujerar gaba ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ya ce mini, "Uwata, ni wadda zan iya gyarawa a tsakar gidana nake so. Waccan ko tari ta yi sai an nemo mai kwamfuta."

Gidanmu a bayan gari yake, ɗaki uku da langalanga, ga bishiyar kashu a tsakar gida. Baba ya rushe gefen katanga ya sa ƙyauren da motar za ta shige, gindin kashun ya zama garejinta. Kowace Asabar sai na yi sawu uku zuwa burtsatse kafin ruwan wankinta ya isa, sannan in zauna da tsohon gwangwanin madara da yake tara sifanu a ciki, yana daga ƙarƙashi yana kiran lamba ina miƙa masa. Shi yake juye mata baƙin mai, shi yake sauya birki, ya goge filogi da 'yar takarda mai kaushi ya hura ya mayar. Umma tana surfe tana mitar ya ɓata mata tsummoki. Ni da ƙannena mata biyu mukan yi wasan oga da direba a ciki in ya tafi masallaci, mu bar carafkenmu a ƙasa kaji suna tonawa. Ran da aka yi ruwa ya kai mu makaranta kuwa, 'yan ajinmu har leƙen fuskarsu suke a jikinta. Amma bai ɗauke ta kayan ado ba. Lokacin kaka yakan shimfiɗa buhuna a but ya loda masara da doya daga gonarmu, ya haɗa da na maƙwabcinmu Baba Danladi, wani manomi Bagwari da ya taɓa tuƙa motar ɗaukar kaya. Shekara biyu ba ta taɓa kwana a hanya ba. Na san sunan kowace sifana, amma duk lokacin da na tambaye shi wayoyin wuta sai ya ce, "Wannan sai kin shiga sakandare."

A gona ciwon ya same shi, da hantsi, muna karyar masara. Na ga ya zauna a kan kunya kamar wanda ya gaji, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Baba Danladi ne ya saɓo shi a kafaɗa har gida, ya sa shi a bayan motar, murɗa makulli ɗaya ta tashi, sai asibitin Gwagwalada. Bayan sati uku aka dawo mana da shi ɓarin damansa ya shanye, bakinsa ya karkace. Magana ta tafi, abin da ya rage masa "to" da "a'a" da sunan Allah. Likitoci suka ce a riƙa kawo shi gashi da motsa gaɓoɓi sau biyu a sati, kada a yi fashi, domin watannin farko su ne masu amfani. Baba Danladi ya ɗauki wannan nauyin, yana barin gonarsa Talata da Juma'a. Cikin wata biyu yatsun Baba suka fara motsi, har ya riƙe cokali ya kai baki sau ɗaya, Umma ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Wata Talata mun shirya shi, an sa masa wankakkiyar riga yana zaune a kujerar roba, motar ta ƙi tashi. Injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Baba ya karkata kai ya saurara, sai ya ɗaga hannun hagu yana nuna ta yana cewa, "Fi... fi..." Baba Danladi ya ce, "Filogi ne yake faɗi, yarinya, kawo sifana." Na kwance su duka na goge kamar yadda na ga yana yi, na mayar. Ba ta tashi ba. Muka ce ko fetur ne, aka sayo galan aka zuba. Muka ce filta, muka ce fitila, shi dai a'a yake cewa, gumi yana tsattsafo masa. Na kawo biro da littafin makarantata, hannun hagun ya zana abin da ba harafi ba. Aka ciccibe shi har gaban bonet, ya miƙa hannu wajen batir, muka kankare kan batirin tas. Sai ya daki gefen motar da tafin hannunsa, hawaye suka zubo ta ido ɗaya. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, ina tsaye da sifana mai lamba goma a hannu ban san inda zan sa ta ba.

Bakanike uku aka kira daga tasha, duka masu gyaran bas da tasi. Na biyun ya buɗe akwatin fiyus, Baba ya yi ta cewa "to, to," muka ji daɗi, amma mutumin ya duba ya ce duk lafiyarsu lau, Baba ya koma a'a. Na ukun ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, sai an aiko daga Legas. Daga nan mutane suka fara cewa ciwon ya taɓa wa Baba kai, a daina biye masa. Ni ma na yarda. In ya fara "fi... fi..." sai in gyara masa matashi in ce, "To Baba, an ji," in tafi wanke-wankena. Mun gwada kai shi asibiti a tasi, amma tasi ba ta shigowa lungunmu da damina, sai an tura shi a baro cikin taɓo har bakin titi mutane suna kallo. Sau biyu aka yi haka, a na uku ya riƙe ƙafar gado da hannun hagu ya ƙi saki. Yatsun da suka fara motsi suka koma suka dunƙule.

Motar ta shekara a gindin kashu, tayoyinta suka sace, ruwan 'ya'yan kashu ya ɓata mata fenti. Umma ta ce a sayar kafin ta ruɓe. Wanda ya saya wani dattijon bakanike ne daga Apo, mai gurguwar Hausa, ya zo da batirinsa da famfon iska. Bayan an gama magana ya ɗaura batirinsa ya murɗa makulli ya saurara, shi ma ya karkata kai. Ya ciro batirin, ya zare wani murfin roba a bayansa da ba mu taɓa sanin yana buɗuwa ba, ya zaro wani ɗan jan abu da bai fi farce ba. Fiyus ne, shi kaɗai a maƙale a can. Ya laluba aljihu ya sa wani, ya mayar da batirin ya murɗa, motar ta tashi da muryarta ta da. Daga kan tabarma Baba ya ce, "To." A cikinmu ba wanda ya iya kallonsa. Mutumin ya dubi Baba, ya dubi Umma, ya ce, "Madam, in kin so ki fasa, ni ba damuwa." Umma ta juya wajen Baba, don ta san likita ya riga ya ce lokacin gashi ya wuce. Baba ya daɗe yana sauraron injin, sannan ya ɗaga hannun hagu ya yi alamar a tafi da ita. Ni na buɗe ƙyauren. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, bai sake cewa "fi" ba.

Yanzu kwalta ta shiga lungunmu, gidajen haya sun cinye gonar, in Umma za ta asibiti daga ofis nake kira mata mota a waya, kafin ta gama ɗaura ɗankwali ta iso. Komai ya zo kusa, sai dai wanda ya fi kowa buƙata ba ya nan. Wani lokaci ina cikin cunkoson hanyar filin jirgi sai in tuna yadda nake gyara masa matashi in wuce. Ya faɗa mana iyakar ƙarfinsa, mu ne ba mu ji ba.