Zanen Baba Bulus ba zai sauka daga bango ba

Da safen nan ina shara aka kira ni, wai Baba Bulus ya rasu. Tsintsiyar tana nan inda na yar da ita.

Shi ya koya mini zane. Shi ne mai ɗakin nan a unguwar Abbare da ya cika da zanen dattawan ƙauyukanmu, waɗanda suka mutu ba a taɓa ɗaukar su hoto ba. Yana kiransa miziyam, ana dariya.

Baba Girgiza kuke ce masa, ai na san ku. Don ya ƙi rataya firam a ƙusa ɗaya kamar kalanda. Sai ya huda bango ya ɗaura ƙugiya biyu masu rufe baki, ya sa waya mai kauri, ya kama ƙasan firam da sukuru, wai saboda girgizar ƙasa. A Jalingo! Ni ma na tsokane shi, ya ce ƙasa ba ta aiko da sanarwa.

Abin da ba ku sani ba, zanen mahaifiyarsa ne ya taɓa faɗowa ranar da tifa ta wuce da yashi, gilashi ya yanke fuskar. Ya yi ta ƙoƙarin sake zana ta, fuskar ta ƙi dawo masa.

Lokacin da ba ni da ko buroshi, nasa ya ba ni. In na ɓata aiki, sai ya saya mini ƙosai tukuna ya yi faɗa.

Ganina da shi na ƙarshe ya rame, yana zaune a kujerar roba, ya sa na bi firam ɗaya bayan ɗaya ina ja. Ya ce, "Rifkatu, in ya motsa a hannunki, bai ratayu ba."

Babu wanda ya motsa.

To, gawa ba ta kai mutuware ba, yayansa ya kira ni daga garin Mutum Biyu. Wai a kwance zanen duka a jingina su a kujeru ƙarƙashin kanofi ranar jana'iza, yadda ake yi wa hoton mamaci, daga nan kowa a dangi ya ɗauki ɗaya, a ba da hayar ɗakin. A kujerar roba, cikin iskar damina, yara na guje-guje! Raina ya ɓaci.

Na ce, "Baba, da girmanka, amma a'a."

Matar marigayin, Mama Saratu, tana goyon bayana. Ranar Asabar, ranar jana'iza, ƙofar ɗakin a buɗe take. Mai son gaisuwa ya zo ya sami zanen a bango.

Ubangiji ya ba Baba Bulus hutawa, ya riƙe Mama Saratu. Ku sa shi a addu'a, Kirista da Musulmi. Ni ma ku sa ni, don gobe yayansa zai iso, kuma ban taɓa yi wa babba musu ido da ido ba.