Gida Na Ɗari Biyu Da Ɗaya

"Muddin ina kan kujerar nan, Malam, ba wanda zai taɓa maka lamba ɗaya." Haka Darakta ya faɗa maka a gabana, hannunsa a ƙirji, ranar da ka miƙa masa rahoton bana. Kwana tara bayan nan, ranar Talata sha huɗu ga Mayu da hantsi, aka bugo ofishin ƙididdiga cewa ka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na ɗauki wayar. Na ce wa mutumin ya duba lambar da ya kira, domin kofin shayinka yana kan tebur, rabi ka sha. Har yau in ƙofa ta motsa sai na ɗaga kai.

Shekara ashirin da biyu muna ɗaki ɗaya, kai kana fita, ni ina buga abin da ka kawo. Tambaya ɗaya ka bi duk tsawon lokacin nan: nawa gidan da ke tsakiya yake samu a shekara a gundumar nan? Kowace shekara ka bi gida ɗari huɗu da ɗaya, ka sha rana, ka sha haushin karnuka. In ka gama, sai mu ture tebura, ka jera takardun a ƙasa daga mafi talauci zuwa mafi arziki, ka cire takalmi, ka bi su kana ƙirgawa har na ɗari biyu da ɗaya. Ka ɗago ta ka ce, "Ƙanwata, ga gundumarmu."

Sau nawa manya suka ce ka huta, a tara kuɗin kowa a raba daidai? Amsarka ɗaya ce: "Attajiri ya tare a unguwa, tukunyar maƙwabcinsa ba ta ƙara nama ba."

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Duk shekara sai ka je ka yi ciniki a gidan tsakiya, ba tare da sun san dalili ba. Shekarar da ya faɗa kan tela, ka ɗinka riguna uku masu launi ɗaya. Shekarar mai aski, ka je sau shida, da sanƙonka. Na ce, "Malam, me yake aske maka?" Ka ce, "Hira." Bana mai faci ne. Masu faci suna da yawa, ba zan faɗi wanne ba. A bencinsa ka zauna ranar Talatar nan, ya tsoma tayar kekenka a ruwa yana ta neman huji, ya juyo ya ce, "Baba, ai lafiyarta ƙalau." Ba ka amsa ba, ashe rai ya yi halinsa.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba aka kawo mini rahoton da aka buga, kwana huɗu da binne ka. Sunanka a bango. A ciki kuwa an ce samun gida ya ninka. Na karanta sau uku, na zauna a ƙasa. Ashe sun jira ka kwanta dama ne, suka zuba manyan gidajen nan goma sha ɗaya na bayan filin ƙwallo cikin lissafi, suka raba daidai. Layinka na jadawalin shekara ashirin da biyu, wanda ke tafiya a hankali, bana ma ya ɗan sauka, sai ga shi ya yi tsalle kamar an taka masa wutsiya. Da wannan lamba za a cire mu daga jerin gundumomin da ake ba maganin kyauta a asibiti. Matar mai facin nan, da maganin take rayuwa. Kai ka rubuta haka a gefen takardarsa.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ga Yaya, matarka, wadda ta sha wanke maka riguna masu ƙura ba ta gaji ba, da 'ya'yanka mata uku, da ƙaninka: Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Saura kai, ranka ya daɗe, Darakta. Na ga hawayenka a wajen ta'aziyya, sun zuba da kyau. Kujerar da ka rantse da ita kana kanta har yanzu. Majalisar gunduma za ta zauna ranar Litinin uku ga Yuni, ƙarfe goma. Kana da lokaci zuwa yammacin Juma'a kafin nan ka janye rahoton, ka mayar da lambar mamaci. In ba haka ba, takardu ɗari huɗu da ɗaya suna wurina, na rufe sunayen. Zan jera su a ƙasan zauren majalisa, in cire takalmi, in ƙirga da ƙarfi. A kan ta ɗari biyu da ɗaya zan tsaya, in miƙa maka ka karanta da bakinka.