Ƙarshen Fim Ɗin da Na Gyara wa Yayata

A gidanmu na unguwar Nima a Accra mace ba ta zuwa sini. Haka muke kiran silima a can. Ban taɓa jin Baba ya kafa wannan doka da bakinsa ba, amma kowa ya san da ita. Macen da aka hango a layin tikiti, kafin ta sauka daga trotro, motar haya, labarinta ya riga ta isa gida. Saboda haka maza ke zuwa su kalla, su dawo su ba mata labari. A gidanmu ni ke wannan aiki, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina saurayi ina koyon ɗinki a Accra New Town.

Ranar Lahadi bayan la'asar ake yi. Mma, wato mahaifiyarmu, shinkafa da wake take sayarwa da safe, don haka matan gida da na maƙwabta sukan zauna a tsakar gida da faranti suna tsince tsakuwa, ni kuma in jawo benci in fara. Ba yabon kai ba, na iya. Ba na jin Indiyanci ko kalma ɗaya, rubutun Turancin da ke ƙasa kuwa kafin in haɗa baƙi biyu ya wuce, amma ina karanta fuska, abin da ya kuɓuce mini in cike da nawa. Idan na zo wurin kuka har murya nake karyawa. Wata tsohuwa da ke haya a ɗakin ƙofa takan ce a dakata mata ta fyace hanci.

Samarin layinmu ma ni suke tambaya. "Cale, wanne za mu shiga yau?" Cale shi ne aboki a bakin 'yan Accra. Kullum da amsa a bakina. Mai son dariya in tura shi na wani ɗan Caina mai wanki da guga, wanda ke dukan ƙarti goma da bokiti. Mai son harbi in ce ya shiga na kaboyi, inda aka yi kwana uku ana bin ɓarawon shanu. Matan gida ba sa son waɗannan, sun ce duka ba ya daɗi a baki.

Wanda ya fi kowanne kama ni na Indiya ne. Wata mata ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa, duk fushin da ya kwaso a waje a jikinta yake saukewa. Wata rana ta goya ɗanta ta fita, ta kama sayar da shayi a bakin wata masaƙa, ta sha wuya har ta tsaya da ƙafarta. Can ƙarshe mijin ya zo ƙofarta a wulaƙance yana roƙo. Ta ba shi ruwa ya sha, ta karɓi kofinta, ta rufe ƙofa. Shi ke nan aka kunna fitila. Sau uku na shiga a mako guda, duk wanda na gamu da shi sai na ce ya je ya gani.

A wannan makon ne yayata ta yi yaji. Ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goya ni. Ta zo daga gidan mijinta a Alajo da jaririya a baya, kunnenta na hagu a kumbure yana zubar da ruwa. Karo na uku ke nan, kuma wannan karon ta ce ba za ta koma ba ko za a yanka ta. Har ta yi magana da wata ƙawarta mai sayar da atamfa a Kasuwar Makola, wadda ta ce za ta ba ta gefen rumfa. Baba kuwa ya daina cin abincin gidan. Shi da uban mijinta tare suka tashi a bariki, iyayensu sun yi soja tare, kuma a wurin Baba wannan ya fi kunnen 'yarsa nauyi. 'Yan biko sun ce za su zo ranar Litinin. Abin da ya rage shi ne a san ko za ta bi su.

Ranar Asabar ina guge rigata a bakin ƙofa Mma ta zo ta tsaya kaina. Ashe ta ji ina ba abokaina labarin fim ɗin.

"Gobe na Indiya nan za ka ba mu," in ji ta. "Amma matar ya koma gidan mijinshi. Ka ji?"

Hausarmu ta Zongo ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Na ce, "Mma, matar bai koma ba koraa, ko kaɗan. Ƙofa ya rufe mishi."

"Wa ya gani? Kai kaɗai ka gani. Ubanka kwana uku bai ci tuwo ba."

Da zan iya cewa tilasta mini aka yi, da na ji sauƙi. Ba wanda ya riƙe mini wuya. Gaskiyar ita ce abin ya burge ni. A ce ga maganar da ta gagari Baba da malamin unguwa, ni ɗan koyon ɗinki zan gama ta da bakina. Na yini ina tsara ƙarshen a zuciyata kamar mai yanka wuyan riga.

Lahadi tsakar gida ta cika. Yaya tana can gefe a jikin bango, ba ta ɗauki faranti ba, ta juyo da kunnen dama wajena. Ban taɓa ba da labari kamar na ranar ba. Dukan da aka yi wa matar na faɗe shi yadda yake, don na san nan ne zan kama Yaya. Wahalar shayi na ninka ta biyu, na ƙara da ciwon ɗa da korar mai gidan haya, waɗanda babu su a fim ɗin. Da na zo ƙofar nan, sai na buɗe ta. Na sa mijin ya faɗi a ƙafarta yana kuka, ya rantse, ya tuba, ya gina mata gidan sama, aka tashi da rawa cikin furanni. Mata suna share hawaye suna cewa haƙuri ya yi rana.

Da aka watse Yaya ta kira ni. "Da idonka ka gani? Mijin ya canza?"

"Wallahi, Yaya, ya canza paa, sosai."

Har rantsuwa na yi, a kan fim. Ranar Litinin ta goya 'yarta ta bi 'yan biko. Baba ya ci tuwo har da ƙari, Mma ta sa mini nama biyu a miya, na cinye kuma.

Mijin Yaya bai canza ba. Yaya ba ta sake yin yaji ba, abin da ya faru ke nan, kuma gidanmu ya ɗauki wannan a matsayin zaman lafiya. Kunnen ya mutu gaba ɗaya. Ta ƙara haihuwa huɗu. Idan ta zo gaisuwa da Sallah nakan ga tana ɗaura kallabi har gira, ba na tambaya. Ƙawarta ta Makola kuwa ta yi Makka ta sayi fili. Baba ya rasu, Mma ta bi shi, mijin kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, Yaya ce mai juya shi da wanke shi. Har yau idan na tuna mutanen da suka zo suna yaba mata a kan haka, raina ɓaci yake yi.

Kafin nan sinimomi sun fara mutuwa, bidiyo ya shigo. Kowane lungu a Nima da Maamobi akwai ɗakin kallo, da hoton fim an zana shi da fenti a buhun fulawa an rataye a ƙofa. Mata suka samu hanya. Idan ana suna sai a yi hayar na'ura da talabijin a kawo tsakar gida su kalla da rana. Da matata ta haifi ɗanmu na uku, Yaya ta zo tun da safe ta ce, "Kai ne malamin fim. Je ka kawo mana wannan na matar mai shayi. Shekara goma sha ina son in gan shi."

Na yi duk dabarar da na sani. Na ce tsoho ne, hotonsa ya dushe. Na ce akwai wani sabo na tagwaye da aka raba tun suna jarirai, ba wanda ya kalla bai yi kuka ba. Na ce ga na ɗan Caina mai bokiti, ranar suna ai dariya ake so. Ta ce ita wancan take so. Na je shagon ina addu'ar a ce babu. Mai shagon ko dubawa bai yi ba ya miƙo mini.

Aka rataya zane don a tare hasken rana, mata kusan ashirin suka zauna a tabarma. Yaya ta matsa gaba sosai saboda kunnenta. Ni na tsaya a bakin ƙofa, awa uku ban zauna ba. Ta yi ta gyaɗa kai tana gane wuraren da na faɗa mata. Na ga tana jiran ciwon yaron, bai zo ba. Sannan mijin ya zo ƙofa. Matar ta ba shi ruwa, ta karɓi kofinta, ta rufe. Rubutu ya fara hawa.

'Yan matan wurin suka yi guɗa suna tafi. Yaya ba ta motsa ba. Can ta ce, "Kaset ɗin ya yanke ne?"

Wata ta ce mata a'a, ƙarshen ke nan. Ta ce a mayar baya kaɗan. Aka mayar, ƙofar ta sake rufuwa. Sai ta miƙe a hankali ta zo inda nake, ta yi ƙasa da murya don kada a ɓata wa mai jego taro.

"Matar bai koma ba."

"Yaya, Mma ne ya ce in…"

"Na san Mma. Na san Baba. Su duk abin da suka faɗa mini na san don kansu ne." Ta dube ni. "Kai ne na tambaya, don kai ka gani."

Ni da na yi shekaru ina riƙe tsakar gida da magana, sai na ce ta zauna ta ci abinci tukuna. Ta girgiza kai tana neman takalminta a cikin na mutane. Ta ce la'asar ta wuce, ta bar mijinta kwance a gefe ɗaya tun safe, in ba ta je ta juya shi ba bayansa zai yi gyambo.