Uban da Ba a Ɗaura wa Awarwaro Ba

Ina zaune a sashen haihuwa ina jiran ƙanwata ta sauka, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar da ba a shiga sai da izini. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, rigarsa ta sha guga. Gabansa sabuwar kujerar jariri ce ta mota, wadda asibiti ba ya sallamar jariri sai an zo da ita.

Duk uban da ya wuce yana da awarwaron roba na shaida mai lamba iri ɗaya da na jaririnsa. Shi hannunsa babu komai, sai shafa wurin yake yi.

Nas ta leƙo ta ce, "Mista Halloran, ka yi haƙuri. Na wadda ta haihu da na mijinta muke bayarwa, sai alƙali ya sa hannu."

"'Yata ce fa," ya ce a hankali. "Cikin kawai matar ta ɗaukar mini, bisa yarjejeniya, ba matata ba ce. Ba ni da kowa sai ita."

"Na sani. Doka ce ba ta sani ba tukuna."

Na raya a raina cewa a gidansa akwai ɗakin jariri da ya fenta shi kaɗai, babu wanda ya riƙe masa tsani.

Ya durƙusa gaban kujerar. Ledar shinkafa ce a ciki, nannaɗe da bargo, da alama da ita yake gwaji. Ya ɗaura mata bel, ya zura yatsa ya ji ko ya matse ta. Can ciki wata jaririya tana kuka. Ya ɗago kai yana saurare, bai san ko tasa ce ba.