Tayar Keken Baffa Sale

Shekara tara ke nan da muka kai Baffa Sale makwancinsa a Kademi. Ƙanin mahaifina ne, kuma shi ya shugabanci ƙungiyar manoman garinmu har Allah ya karɓi abinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, addu'a kawai nake yi masa. Abin da na tarar a gida watan jiya ne ya sa ni wannan rubutu, kuma har yanzu ban gama dawowa hayyacina ba.

Ƙungiyar tana da tsari tun zamaninsa. Da kaka kowane gida ya kawo gero ko dawa a ajiye wuri ɗaya, sai tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, a buɗe a raba. Bara aka gina sabon sito a filin da shugaba na yanzu, Alhaji Garba, ya bayar kyauta. Da ruwan Agustan bana ya sauka ƙasar ta lotsa, bango ya tsage, ruwa ya kwanta a kan buhuna. Na shiga na gani da idona: gero ya tsiro ta jikin buhu, dawa ta yi baƙi tana wari. Abincin da gidaje ke jira ke nan.

Amma abin da ya fi girgiza ni daban ne. Ashe filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, kuma kusan kowa ya sani. Magini ya sani. Sakataren ƙungiya, wanda muka yi jami'a tare, ya sani. An yi zancen a teburin mai shayi, an yi a kasuwar Gaya, har wani abokina na Toranke ya ce ya ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba, Alhaji Garba, wanda ya daɗe yana kasuwanci a kudu, ya dawo ya sayi filin a cike.

Ina zaune a taron da aka kira bayan ɓarnar. Alhaji ya ce, "Jama'a, don girman Allah, me ya hana ku gaya mini? Ai na saka a wasap, na ce mai magana ya yi."

Malam Audu, dattijon da ya fi kowa shekaru, ya ce, "Ka saka, Alhaji. Mu kuma muka saka maka Masha Allah. Mutum ya ba ka fili kyauta a gaban jama'a, da wane baki za ka ce masa rami ne?"

Ba na so in zalunci kowa. Alhaji bai hana kowa magana ba, mutanen kuma, a ganina, kunya ce ta riƙe su, ba mugunta ba. A jami'a an koya mana cewa magana a ƙungiya tana sauka daga sama, tana hawa daga ƙasa, tana kuma yawo tsakanin tsara. Tamu ta sauka lafiya, ta yi yawo har ta ƙetara Ajingi, hawa ne kawai ba ta yi ba. Shin Baffa zai yarda an yi haka a zamanin da kowa ke da waya a aljihu?

Na tuna kekensa. Duk ranar taro, ana tashi sai a tarar tayar baya ta sace. Ya tsuguna a gindin darbejiya yana ba ta iska, ya juya wa mutane baya, wani ya zo ya riƙe masa kan keken, wani ya matso kamar mai duba faci. Ina yaro haushin keken nan nake ji. Da na tuna wa matarsa, Inna Hajo, sai ta yi dariya har da hawaye.

"Kai Nura, keken lafiyarsa ƙalau. Shi yake sace iskar kafin ya shiga taro. Cewa yake mutanenmu ba sa iya kallon idon babba su ce ba haka ba, amma suna iya gaya wa ƙeyarsa."

Na daɗe ina jujjuya ko ya dace in kai wa Alhaji wannan labari, don kada ya ɗauka ina gwada shi da mamaci. Daga baya na je na faɗa. Ya ce shi ba shi da keke.

Dole a sake gini kafin kaka, in ba haka ba amfanin bana ba shi da wurin zama. A taro na gaba Alhaji ya ba da wani filin, ya tambaya ko akwai mai magana. Aka haɗa baki: Masha Allah. Bayan duk wannan asara!

Aka yi addu'a aka tashi. Alhaji bai shiga mota ba. Ya buɗe bonet, ya cusa kansa ciki yana taɓa wayoyin da na tabbata bai san aikinsu ba. Can magini ya matso, ya tsaya a gefensa, shi ma yana kallon injin.

"Alhaji, ko batir ne?"

"Wataƙila."

"Af, wannan filin na biyu fa... nan ruwan unguwar gabas yake bi."

Alhaji bai ɗago ba. Ya ce, "Ina jin ka, Malam Isa. Ina kake gani?"

Ban sani ba ko abin zai ɗore, kuma ba zan ce dabarar Baffa ta isa ta gyara kowace ƙungiya ba. Gonarsa an raba, keken ya yi tsatsa a zauren Inna Hajo. Abin da na ga ya saura shi ne babba ya sunkuyar da kai don na ƙasa ya samu bakin magana. Da na bar wurin, mutum na uku ne ke duba batirin.

Allah ya jiƙan Baffa Sale, ya haskaka kabarinsa.