Ba Girman Kai Ya Hana Yaya Hamisu Gaisuwa Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Malam Hamisu makwancinsa a Kahu. Allah Ya jiƙansa. Ban ɗauki alƙalami don in yi kuka ba. Na ɗauka ne in wanke shi, in kuma faɗi abin da danginmu ba sa so a ji a jarida. Zan bi shi daki-daki.

Da farko, Yaya Hamisu shi ne mai ganin wata a unguwarmu. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, a bayansa ake tsayawa, shi ke miƙa yatsa kafin kowa. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, aka sa shi cikin dattawan da ke sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Daga nan surutu ya fara. Sai ya wuce mutum a gefen hanya ba sallama. A masallaci na kusa da shi ya miƙo hannu, ya bar shi da hannu a sama. Aka ce muƙami ya ɗauke shi. Ni ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, na taɓa ce masa, "Yaya, ka sauko ƙasa." Ya ce, "Ina na hau?" Maganar nan tawa har yau tana ci na.

Na biyu, masu duba ido kyauta suka zo Rano, suka ce duk wanda ya haura arba'in ya zo. Mu kuwa sai muka tura masu yanar ido kawai, waɗanda farin ya fito kowa na gani. Na ce da shi mu je, ya yi dariya. "Ni da nake nuna wa gari wata? Idona garau. A bar wa mabuƙata layi."

Na uku, da rana tsaka ya faɗa cikin garken shanu da kekensa. Ta gefe suka ɓullo, bai gan su ba. Muka kai shi asibiti a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, ba ya sa fari. Daga gefe yake cinye gani, tsakiya ce ƙarshe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da an zo da wuri, da maganin ɗigawa ya tsare saura. Ya ƙara da cewa yana bin jini, a auna 'yan uwa da 'ya'ya.

A mota, da muka kusa gida, Yaya ya juyo wajena. Ya ce, "Ashe mutane nake wucewa?" Sati guda ya yi yana bi gida-gida yana neman gafarar laifin da bai yi ba. Ya rasu ba ya gani.

Na je aka auna ni, aka samu. Safe da yamma nake ɗiga magani, kuma da idona na rubuta wannan.

Da zai dawo yau, me zai tarar? Zai tarar lokacin zaɓe ana raba tabaran karatu, mutum ya maƙala ya ce an duba shi. Ba a duba ka ba sai an auna ƙarfin idon an leƙa cikinsa. Zai tarar dangi na cewa in yi shiru, kada a kira mu zuri'ar makafi 'yan matanmu su rasa manema. Wasu na cewa zuwa asibiti ba ciwo rashin tawakkali ne. Ban yarda ba. Shirun ne zai mai da mu makafin, kuma ba zan yi shi ba.

Babban ɗansa Nasiru ya haura arba'in. Na ce ya je, ya ce, "Baffa, idona garau." Maganar ubansa sak. Sai na daina amsa gaisuwarsa. Ya durƙusa a gefena, in wuce. Kwana uku na yi, don addini bai yarda a zarce haka ba. A rana ta uku ya sha gabana a ƙofar masallaci.

"Baffa, me na yi?"

"Da zafi?"

"Wallahi da zafi."

"Haka ubanka ya yi wa gari bai sani ba. Ɗauko babur."

A asibiti aka samu ciwon ya fara taɓa idonsa na hagu. An tare shi da magani. Ƙannensa biyu sun bi sahu an auna su, saura uku, kuma na san ƙofar kowannensu.

Ganin wata bai tsaya ba don Yaya ya tafi, wani ke miƙa yatsa yanzu. Abin da ya bar mana shi ne sanin da ya saya da idanunsa biyu, ba kuwa zan bari a binne shi tare da shi ba. Yanzu in Nasiru ya wuce ni bai gaishe ni ba, na san ya gan ni sarai. Wannan rashin kunya ce, ita kuma ina da maganinta.